Digirin Kiwon Kawu Ishaya

Duk wanda ya yi sujada a ƙaramin cocinmu na wajen Bagudo ya san Kawu Ishaya, ƙanin mahaifiyata, ba ya fara wa'azi sai ya dogara da sandarsa ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. In wata ba ta zo ba, sai an gaya masa dalili. Rabin jama'armu daga tsallaken iyakar Benin suke zuwa a babur, don haka mun sha jira.

Gemunsa ya riga ya yi fari sa'ad da ya shiga jami'a yin digiri a kan aikin fasto. Da maƙwabta suka tambaye shi me yake karantawa, sai ya ce kiwo, don da ma haka ake kiran aikin a coci. Kwana biyu sai ga Ardo Buba, Bafulatanin da ke da ruga a bayan gari, da saniya mai ɗingishi. Na ce Kawu ya yi masa bayani mana. Ya ƙi. Ya duƙa ya duba kofato, ya ce, "Ardo, wannan sai aji huɗu. Yanzu ina aji ɗaya."

Daga nan suka ƙulla abota, har Kawu ya koma ɗalibinsa. Ardo ne ya gaya masa makiyayi ba ya ƙidaya shanunsa, saninsu yake yi, kowace da sunanta da halinta.

Wannan magana ta kusa cinye digirin. A shekarar ƙarshe malamin da ke duba kundin bincikensa ya ce dole ya rubuta adadin 'yan cocinsa, in ba haka ba babu sa hannu. Kawu ya ce ba ya ƙidaya garkensa. Sau biyu ana dawo masa da kundin. Matarsa, Inna Rifkatu, ta ce shekara huɗu yana bin hanya, shinkafarsa ta Kaoje na hannun mutane, yanzu lamba ɗaya ce za ta kayar da shi?

Ya zauna ya rubuta sunan kowa, da ƙauyensa, da abin da ke damunsa: mai ciwon gwiwa, mai ɗa a Kamba da ba ya aiko saƙo, masu gaba a kan iyakar gona. Malamin ya bi da biro ya lissafa da kansa, ya sa hannu. Kawu ya dawo yana murmushi, ya ce, "Shi ya ƙidaya, ba ni ba."

Takardar digirin ta iso yana kwance ba lafiya. Ya sa aka kira Ardo ya riƙe ta, ya ce masa yanzu ya kawo saniyar. Ardo ya ce ai ta daɗe da warkewa, ba ta jira boko ba.

Ranar jana'izar Kawu wani ya tambayi mutum nawa suka zo. Ardo ya dogara da sandarsa ya bi fuskokinmu, Kirista da Musulmi, ya ce kowa ya zo, guda ne kawai babu.

Ya Ubangiji, kai ka san shi da sunansa. Ka karɓe shi cikin garkenka, ka ba shi hutawa. Amin.