Ranar da Na Wanke Ƙahon Baba da Toka

Ranar Litinin ɗaya ga Oktoban 1979, ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, hantsi ya same ni durƙushe a gindin rijiyar gidanmu da ke Fagge, ina dirzar ƙahon mahaifina da toka da lemun tsami. Shekaruna tara, kuma a wanke-wanke babu yarinyar da ta kama ƙafata a layinmu. Haka Inna ta koya mini wanke tasoshinta na tagulla, sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ƙahon ma na tagulla ne, ga shi ya dushe, ga shi da la'asar Baba zai busa shi a filin makarantarmu. Ni a ganina gwaninta nake yi.

Baba tela ne, amma kafin nan ya yi badujala a soja. Duk Asabar yakan ɗaure akwatin ƙahon a bayan keke ya nufi Sabon Gari, garejin abokinsa Emeka mai jita. Su biyar ne, ba su da ubangida, ba sa yi wa kowa kirari, ko a lokacin zaɓe da 'yan siyasa suka neme su sun ce ba sa waƙar jam'iyya. Kiɗan nasu haɗin gambiza ne, jaz da fank da rok, mai gangarsu kuma in abin ya motsa masa sai ya jefa kalangu a tsakiya. A Fagge babu wanda ya taɓa jin su. Abin da aka sani kawai shi ne Malam Garba yana zuwa Sabon Gari da akwati, sauran kowa ya cike da bakinsa. A makaranta, da an ɗan saɓa wajen 'yar gala-gala sai a ce mini "'yar mai busa a otal". Kalmar tana yi mini ciwo ƙwarai, kuma Baba ya sani. Shi ya sa da hedimasta ya nemi masu kiɗan bikin miƙa mulki, Baba ya ce su za su yi, ido na ganin ido, a gaban dattawan da yake haɗa sahu da su.

Da azahar Emeka ya zo kwasar kaya. Baba ya buɗe akwati, ya ga ƙaho yana ɗaukar ido, ya taɓa madannansa uku da ake sauya murya da su sai ya ji ƙasa-ƙasa. Toka ta shige ciki. Ya kwance, ya ɗauraye, ya ɗiga man keken ɗinki. Biyu suka saki, na ukun ya kafe ko motsi. Ya tambayi wanda ya taɓa, na ce ni ce. Ya dubi hannuwana da toka ta yi wa fari, ya ce, "Kin iya wanki, Hadiza." Emeka ya ce ko a fasa. Baba ya girgiza kai ya ce, "In na fasa yau, abin da suke faɗa ya tabbata."

Ina zaune a gaba cikin 'yan ajinmu aka fara. Ganga ta shiga, jita ta bi ta, sannan Baba ya ɗaga ƙahon da yatsu biyu. Duk muryar da madannin nan ya hana shi, sai ya kewaye ta, ko ya yi shiru ya dubi Emeka, shi kuma ya cike wurin da jita kamar dama haka suka shirya. Sai abin ya koma kamar hira, wannan ya faɗa wancan ya amsa. Yara suka miƙe, malamai suka gaji da tsawa suka ƙyale mu. Na ga mai unguwa yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin babbar riga, yana zaton ba a ganinsa. Da aka tashi ya kama hannun Baba ya ce, "Ashe abin naku ilimi ne, Malam Garba." Yarinyar da ta fi kowa tsokanata ta tambaye ni ko da gaske babana ne. Na ce ƙwarai kuwa, da ƙarfi, don na baya su ji. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Yanzu garejin ya zama shagon waya, kiɗa kuma daga lasifikar Adaidaita yake fitowa, mutum ɗaya ne ya haɗa shi a kwamfuta, babu wanda ya dubi wani. Ina kewar mutum biyar da in ɗaya ya gaza, saura su rufa masa asiri a bainar jama'a ba wanda ya gane. Har Baba ya rasu mutanen Fagge suna labarin busar ranar nan, shi kuwa bai taɓa gaya wa kowa cewa da ƙaho gurgu ya yi ta ba. Sai da na girma na gane asirina yake rufewa.