Sabohat-apa da Tambayar da Ta Maido Mana da Ladani

Kafin masu gurasa su buɗe tanda a unguwarmu ta Isfara, Sabohat-apa (a wajenmu "apa" na nufin babbar yaya) ta riga ta share ƙofar kantin magani, ta ɗora shayi, ta saka farar rigar nan tata da wuyanta ya koɗe. Aikinta irin na kowane mai kantin magani ne, in ban da hali guda: ba ta miƙa maka ƙwaya sai ta tambaye ka, "Yaya cikin?" Kuma baiwar Allah ba ta iya rage murya ba. Har direbobin tasha sukan leƙo su ce, "Apa, lafiya lau yake, kada ki tambaya!" Ta ce, "Wuce, marar kunya, fuskarka ma ta ba ni amsa."

Yanzu da za ta ajiye aiki, kowa na da labarinta. Ni wanda ya tsaya mini a rai shi ne na Bobo Hikmatullo, ladanin masallacin unguwa.

Da kiran sallarsa na azahar take sanin lokacin cin abincinta ya yi. Sai kwatsam murya ta canza, wani daban ke kira. Ta saurara kwana da kwanaki, shiru. Ran nan ta hango shi yana rakuɓe-rakuɓe ta jikin katanga, ya rame, ta fito da kanta ta tare shi.

"Bobo, shigo ka sha shayi. Ina muryarka ta shiga?"

"Tsufa ne, 'yata. Ranar Juma'a zan gaya wa liman ya nemi wani."

"Yaya cikin?"

Matar mai gyaran takalmi tana wurin, ta ce tsohon nan har kunnensa ya yi ja. Sabohat-apa ta kore ta waje, ta tura ƙofa. Sai daga baya, da bakinsa, Bobo ya ba da sauran labarin. Ashe jijiyar ƙafa ce ke ɗaure masa, ɗansa da ke aikin gini a Rasha ya aiko masa da ƙatuwar kwalbar ƙwayoyin magnesiyam. Tun da ya fara sha, cikinsa ya saki. Ya yi alwala, kafin ya kai ƙofar masallaci ta karye. Ladanci tun yana saurayi, ga shi yanzu ba ya iya riƙe alwala. Kunya ta hana shi gaya wa ko da matarsa, sai ya ɗora wa shekaru laifi.

Ta sa aka kawo kwalbar, ta juya bayanta ta karanta.

"Bobo, magnesiyam iri-iri ne. Wannan oksaid ake ce masa. Kaɗan jiki ke tsotsa, sauran ya zauna a hanji yana jawo ruwa. Ga shi kuma biyu-biyu kake sha!"

"Yaron ya ce mafi ƙarfi ya zaɓo mini."

"Ƙarfinsa a jikin kwalba yake. Akwai sitiret, jiki ya fi karɓarsa, amma shi ma yakan saki ciki. Akwai gilisinet, yawanci ya fi sauƙi ga hanji. Amma yau ba abin da zan ba ka. Daina wannan, ka je likita ya duba ƙodarka tukuna, don mai raunin ƙoda ba ya wasa da magnesiyam. Kuma ban yi maka alkawarin zai raba ka da ɗaurewar jijiya ba. Wasu sukan ji sauƙi, wasu ko kaɗan."

"To me zan ce wa yaron? Da guminsa ya saya."

"Ce masa ka gode, ya isa."

Sabohat-apa, ke ce mai tambayar da kowa ke gudu. Mun yi miki dariya, mun laƙaba miki suna, ba ki fasa ba, don kin san abin da mutum ke ɓoyewa shi ke kwantar da shi. Kin sha mayar da mai saye hannu wofi saboda abin da ya zo nema ba zai amfane shi ba. Gaskiya ina jin ciwon tafiyarki.

Ƙodar Bobo lafiya lau aka same ta. Ƙafar dai har yau takan ɗaure masa jefi-jefi, yana miƙe ta yana mita. Amma cikin ya lafa, kuma bai je wurin liman ba.

Mun gode, Apa, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji farar rigar, don Allah kada kunya ta sa ku miƙa kwalba ku yi shiru. Ku yi tambayar.

Ranar da aka yi mata walimar sallama, ana tsaka da rabon shinkafa lokacin azahar ya yi. Muryar Bobo ta tashi daga ƙofar masallaci, doguwa, ba ko rawa. Sabohat-apa ta ajiye cokali har ya gama. Da aka idar da salla ya shigo, ya tsaya a gabanta cikin jama'a, dattijon da a da ko matarsa bai iya gaya wa ba, ya ɗaga murya irin ta ladanai ya ce:

"'Yata, tun kafin ki tambaya: alwalar tun ta hantsi ce."