Kawu Hamisu da Tura Layi

Duk kun ce Kawu Hamisu tsoron na'ura yake, shi ya sa ya ƙi barin manhaja ta jera masa layuka. Ba ku san komai ba. Ni na zauna shagonsa a Tudun Wada, ni zan faɗa.

Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman rani shafin intanet mai nuna ranar ban ruwan kowa. A rubutun shafin, duk umarnin da ke cikin wani sai an tura shi ciki kaɗan, don a ga inda ya buɗe da inda ya rufe. Kawu da hannu yake turawa, bugu huɗu, yana ƙirgawa a fili kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya.

Na nuna masa maɓallin da zai jera komai nan take. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke Zulai, liman yakan ce a daidaita sahu. Kin taɓa jin ya ɗauki ƙafar wani ya ajiye masa?"

Da dogon maɓallin kibod ɗin ya karye, na ce a sayi sabo. Ya manna guntun mataji, ya ce wannan ya fi na Bature, har kai yana sosawa.

Wata rana ya tafi azahar, na danna maɓallin jerawar nan. Manhajar ba ta bambance umarni da sauran rubutu ba, ta hargitsa layukan. Ya dawo, ya ɗora yatsa a gefen hagu na sikirin ya biyo ƙasa, ya tsaya, ya sake. Ina jiran faɗa, sai ya ce a hankali in karanta masa. Ashe ya daɗe ba ya ganin haruffan, lanƙwasar layukan kawai yake bi. Sai la'asar muka gama mayarwa, ni da shi, bai ƙara tayar da maganar ba.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya haskaka maka makwanci.

Jiya shugaban ƙungiya ya ce in babu mai riƙe shafin, zai ba wani a Kano ya rushe ya sake. Na ce masa Baba, a bar min. Gobe zan buɗe shagon.