Ƙirjin Yaya Sale Mai Jinka

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a bayan garinmu, kusa da Ba'awa. Ba ya cikin irin mutanen da ake rubutawa a jarida. Mai jinka ne, aikinsa baibaye ɗakuna da rumbuna, kuma da zai ji an ce ƙanensa Tanko ya sa sunansa a takarda, da cewa zai yi lallai aiki ya ƙare wa Tanko. Amma duk shekara, da kaka ta wuce na hango hayaƙi ya miƙe daga kudu, zama ba ya yiwuwa gare ni. In shiga ɗaki, in fito, in sake komawa. Bana na ce gara in faɗi abin da ke hana ni zaman.

A lokacin Turawa ba su kai ga tafiya ba, rufin kwano kuwa sai a kantin masu sayen gyaɗa. Kowa a ƙarƙashin ciyawa yake kwana. Daga Ƙofa har Bebeji ana aiko wa Yaya Sale, shi kuma yana jan aji, don in ya baibaye maka ɗaki sai ka yi damina biyar ba ka tara ƙwarya ba. Jarinsa bai wuce lauje ba, da shuci, ciyawar jinkar da Allah ke fitarwa a fadamar da ke kudu da gari, sai ƙirjinsa.

Akwai ƙa'ida tsakanin masu yankan ciyawa da masu sa wa daji wuta. In mutum ya kama wuri bai gama yanka ba, sai ya tattaro kan ciyawa tana tsaye ya ƙulle, nan ɗaya, can ɗaya, a inda mai wucewa zai gani. Maharbi ne ko makiyayi, in ya ga ƙulli ya san abincin wani na ciki, sai ya haƙura da wutarsa har a kwance ƙullin.

Ni a lokacin sabon magidanci ne, ga ƙarfi ga kwaɗayin nama. Wata rana da azahar na koro zomo ya faɗa fadamar nan. Na ga ƙullin. Na daɗe ina gwada cewa ban gani ba, maganar ta ƙi zama a bakina. Na ce a raina ɗan lungu kawai zan ƙona, in kashe da ganye. Ina ƙyasta ashana iska ta juya.

Ashe Yaya Sale yana can ciki, kusa da damunan da ya yi wata guda yana yanka. Wani zai ce mai hankali gudu yake yi. Shi tsayawa ya yi jan dami, ya fita da ɗaya ya koma, ya fita da ɗaya ya koma, cikin hayaƙin da ko tafin hannunka ba ka gani. Da la'asar aka same shi a bakin rafi, ido jajur, murya ta tafi. Wutar ko gemunsa ba ta lasa ba. Ta yi kwana uku tana ci kudu, hayaƙinta ya kwanta a kan ƙauyuka. Masu sussuka suka ajiye sanduna, masu dakon gyaɗa suka zauna suna murzar ido, ɗan ƙodagon da bai fita ba kuwa ranar tukunyarsa ba ta hau murhu ba.

Gari ya ce Ja'e ne, Bafulatanin da rugarsa ke gefen fadamar, wai toho yake nema wa shanunsa. Laifi tudu ne, na taka nawa na tsaya ina kallon ana hango na wani. Aka kira shi gaban dagaci, ana maganar tashinsa daga ƙasar. Yaya Sale ya ce a kai shi, ni na ma riƙo shi har zauren. Ya huta, da ƙyar muryar ke fita, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba Ja'e ba ne. Mai shanu da sassafe yake sa wuta, raɓa na ƙasa, don kada ta ci saiwa. Wutar azahar ta mai neman nama ce." Dagaci ya ce to wane ne? Ya ce, "Allah ya san shi." Bai waiwayo ni ba, amma hannunsa na kafaɗata.

Muryar ta dawo, ƙirjin ne bai dawo ba. In ya taka tsani hawa uku sai ya tsaya yana neman numfashi. Ba wanda ya ƙi shi, ruwan sama ne dai ba ya jiran mai tari, sai mutane suka koma wa wasu masu jinkar. Matarsa, Yaya Hajara, ta shiga dakau, awakinsu suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, da rumbunsa ne ya ƙone, da gari ya taru ya yi masa jaje, kowa da daminsa a ka. Ƙirji kuwa ba a ganin tokarsa, don haka ba wanda ya ɗauka asara ya yi. Cewa ake Sale ya yi sanyi.

Rani na biyu ya aiko a kira ni. Ya ce, "Tanko, ɗauko tsani." Muka je gidan da aka ba shi aikin wani ɗan rumbu, ya nuna sama ya ce in hau. Na ce, "Yaya, ai ban iya ba." Ya ce, "Na sani, zomo ka iya. Nawa ƙirjin ya zauna a fadama, sai ka ara mini naka." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Rani uku yana zaune a tabarma da sanda yana nuna mini, ina sama ina shan faɗa, gidansa kuma ya ci gaba da ɗora tukunya. Kullum ina cewa in mun sauko yau zan faɗa masa da bakina, kullum sai in ɗauki tsani in wuce. Ya rasu a shekara ta huɗu, ranar da hayaƙin wata ƙunar, wadda ban san mai ita ba, ya sake rufe gari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Kwanon da ya rufe ko'ina, na san tanda zai kira shi. Amma ba nan idonsa zai tsaya ba. Zai ga buhunan gawayi jere a bakin hanya daga Tudun Wada zuwa Doguwa, ya tambayi ina waɗanda suka wuni a bakin ramin ƙona shi. Zai tsaya a tashar Kiru ya saurari tarin 'yan achaɓa. Jikana na cikinsu. Na yi masa magana, ya ce, "Baba, in ban shaƙa ba me za mu ci?" Abin da ya mayar da Yaya Sale cikin hayaƙi ke nan. Har yanzu mai aikin ƙarfi da ƙirjinsa yake biyan wutar da wani ya sa, kuma har yanzu ba a zuwa masa jaje. Ƙulli kuwa yaran yanzu ko sun gani sai su ɗauka wasan iska ne.

Cikin jinkunan da ya yi ba ko ɗaya da ya rage, ciyawa ba ta kai shekara arba'in. Saura rumbu ɗaya a gidana da ake baibaye shi irin nasa, yanzu ni ne a tabarma da sanda. Jikokin Ja'e suna nan a gefen fadamar da shanunsu, ba su san wanda ya tsaya musu ba, ba su kuma san wanda ya yi shiru ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya gaji da riƙo. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya sa ya huta. Abin da na kasa faɗa a gindin tsani, ga shi a gaban jama'a: Yaya, ni ne, kuma na ga ƙullin.