Tsohon da Ya Tare Min Ƙofa

Jiya a Babbar Kasuwa wani ya fere lemo kusa da ni, ƙamshin ɓawon ya tuna min da Baba, mai gidan da na yi haya a Rafin Guza ina koyarwa a firamare. Kullum da la'asar yana kan benci a ƙofar gida da 'yar wuƙarsa, ɓawon lemo na sauka dogo bai tsinke ba.

Ranar da rikicin addini ya ɓarke, ni kaɗai ce Kirista a layinmu. Ina laɓe a zaure, hayaƙin taya na shaƙe ni, sai ga samari da adduna.

"Baba, fito mana da malamar nan!"

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "'Yata ce. Kai Sani, ba ita ta koya maka rubuta sunanka ba? Zo ka tsallake ni."

Sani ya sunkuyar da kai, suka juya ɗaya bayan ɗaya. Da motar sojoji ta iso, Baba da kansa ya ɗaukar min akwati har bakin titi.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya tsaya wa zuri'arsa yadda ya tsaya min.