Rabonta na Gyaɗa

Har yau, in na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa da aka tuge da ƙasarta, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya maka dalili.

Firamarenmu tana gefen Funtua, kusa da inda ake gurzar auduga, shi ya sa ajinmu ya tara kowa: 'ya'yan manoma, 'ya'yan Fulani, da 'ya'yan ma'aikatan da suka zo daga kudu. Malamin ajinmu ƙanin kakata ne, tsoho mai faɗa. Kullum da safe muna rera taken ƙasa, amma shi bai yarda da abin da baki kawai ya haddace ba. Da damina ta sauka sai ya raba gonar makaranta layi-layi, yara biyu a kowane layi, kuma ba ya haɗa ka da wanda kuke yare ɗaya ko addini ɗaya. In ciyawa ta ci layinku, ku biyu za ku sha bulala. In gyaɗa ta yi, a raba muku daidai.

Ni ya haɗa ni da 'yar wani makanike, Kirista. Da farko na tsane ta, ko riƙon fartanya ba ta iya ba, sau biyu ina shan duka saboda ita. Amma kafin gyaɗa ta yi fure, a kwano ɗaya muke cin dafaffen rogo.

Saura mako guda a tuge gyaɗa, rikici ya tashi a wani birni, jita-jita ta cika garinmu. Da hantsi yarinyar ta zo ƙofar gidanmu tana haki, ta ce babanta bai dawo ba, in bar ta ta shiga. Na ga maƙwabta suna kallonmu. Na ce, "Nan ba gidanku ba ne." Na tura ƙyaure. Ba wanda ya sa ni. Kakata tana ciki, da ta ji, da da kanta za ta shigo da ita.

Washegari aka ce sun hau mota, ba a san inda suka nufa ba.

Na faɗa wa kakata da bakina, ita kuma ta faɗa wa ƙaninta. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya sa na tuge layin ni kaɗai, ya auna, ya raba biyu, ya ƙulle rabi a buhu. Ya ce, "Wannan ba naki ba ne, jikata. Riƙe mata har ta zo."

Na rataye buhun a ɗakin kakata. Shekara uku yana nan, har ƙwari suka mayar da gyaɗar gari.

Yanzu an yanka gonar an yi gidaje. Jikokina suna ajin da kusan kowa sunansa irin namu ne, suna kawo mini takardar jarrabawa in ga makin da suka ci a darasin zaman tare. Nakan sa musu albarka. Ni ma ta ɗaya na zo a wannan darasin, a shekarar da na rufe mata ƙofa.