Ranar da Aka Raba Littattafan Baba

Bayan sadakar arba'in ta Baba aka kira malam ya raba mana gado. Mu uku ya bari: Yaya, mai garejin gyaran babura a Dogon Dutsi, sai ni, mace guda, sai ƙanenmu da ke karatu a Yamai. Inna tana ɗaki tana takaba. Ta aiko cewa a fitar mata da nata rabon daga gida da gona, sauran kuwa mu muka sani.

Gona ba ta ba da wahala ba, haka ma shanun da ke hannun wani Bafulatani can wajen Kieshe. Ni duk wannan bai dame ni ba. Idona yana kan akwatin ƙarfen da aka jawo ƙarƙashin bishiyar bedi.

Littattafai goma ne a ciki, manya, masu jan bango, da Faransanci. Baba ya saye su tun yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, yana kiransu ansiklopedi. Babu abin da babu a ciki: ƙasashe, cututtuka, taurari, injuna, an jera su bisa haruffa. Sai dai ɗaya ba ya wadatarwa shi kaɗai. Kana cikin karanta bayanin jini sai ya tura ka ga zuciya, zuciya kuma tana cikin wani littafin.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata kolej ta wajen Sukukutane. Can in kana son rezo, wato sabis na waya, sai ka hau tudun yashi ka ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa, kuma ko ta kama, ta yaya zan nuna wa aji guda hoton huhu a gilashin da bai kai tafin hannu ba? Kowane hutu sai in zo gida in zauna in kwafi zane daga littattafan nan. Su ne makarantata ta biyu, kuma na riga na sa a raina cewa nawa ne.

Malam ya buɗe akwatin, warin ganyen bedin da Inna ke zubawa saboda gara ya taso. Ya ce, “To, waɗanga hwa?”

Na yi sauri na ce, “Malam, a bar mini su dut. Na yahe rabona na shanu.”

Ƙanenmu ya ɗaga kafaɗa. “Ni kam babu damuwa. Abin da ac ciki dut shina cikin salulata. Nawa na ba ta.”

Saura Yaya. Yana zaune a kan turmi, yana kallon ƙasa. Ya ce, “A raba.”

Na zaci bai ji maganar shanun ba, na sake faɗa. Ya sake cewa a raba. Nan zuciyata ta hau, ni kuwa dama bakina ba ya da linzami.

“Yaya, mi za ka yi da su? Kusoshi za ka naɗewa ciki? Abin ga ba awaki ba ne da kowa ka jan tashi. In anka raba su an kashe su!”

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ga malam ya ce, “Haƙƙina ne ko ba haƙƙina ba ne?”

Malam ya shafa gemu. Ya ce haƙƙinsa ne, namiji kashi biyu, mace ɗaya, kuma in magaji guda ya ƙi yafewa babu mai tilasta shi. Ya yi ƙoƙarin lallashi, Yaya ya yi taurin kai irin nasa, wanda duk gidanmu an san ba a tsallake shi. Daga ɗaki na ji Inna ta yi gyaran murya.

Aka shimfiɗa tabarma, malam ya yi tuli biyar, bibbiyu, aka ce a yi ƙuri'a yadda aka saba. Malam ya juya baya, kowa ya ajiye alamarsa. Yaya ya sa kusoshi biyu, ƙanenmu tsakuwa biyu, ni na sa tsinke. Malam ya juyo ya ɗora alamomin a kan tulin ba tare da ya san ta wane ce ba. Ina gani kusa ta sauka a kan littafin da ke da jikin mutum. Wallahi na tsani Yaya a wannan lokacin, tsana ta gaske.

Na jira ya kwashi huɗunsa ya ɗaure a bayan babur. Sai ya tashi ya nufi randa. Ya ɗauki sabulu ya yi ta wanke hannu, yana ƙwaƙule baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa, mu duka muna kallonsa. Ya goge a rigarsa, ya dawo ya durƙusa gaban tabarma.

“Tun randa anka koro ni daga lakwal,” ya ce, ba da ƙarfi ba, “Baba yac ce kar in ƙara taɓa su. Yac ce hannuna na ɓata takarda.”

Ni ban taɓa sanin haka ba. Ni da ake ɗora mini su a cinya tun ban iya ɗaukarsu ba, ban taɓa lura cewa shi daga bakin ƙofa yake tsayawa ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya dudduba bangon littattafan da suka faɗo masa, sannan ya tambaye ni, “Wanne ne ke da hoton inji a hwashe? Na taɓa hange shi ta bayan Baba.”

Yana cikin nawa. Na zaro shi, na buɗe masa shafin, na miƙa masa, ban nemi wani a madadinsa ba. Ya karɓa da hannu biyu. Da ya zo juya shafi, sai ya tura shi da bayan yatsa.